Yadda aka auna jirginmu na fito a Yamai

Jirgin na kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Na katako ne, dogo, mai rumfar tabarma a tsakiya da inji Yamaha mai ƙarfin doki 40 a baya. Asalinmu mutanen Gaya ne. A gida Hausa muke yi, a bakin ruwa kuma duk harshen da fasinja ya zo da shi, yawanci Zabarmanci. Da ciwon gwiwa ya fara hana kawu zaman tuƙi sai ya bar mini jirgin: ni ke fita, shi ke karɓar lissafi bayan la'asar. Mashiginmu yana bakin kogin Isa, wato kogin Neja, sama da unguwar Gudel. Kullum muna fiton mutanen tsibirai da masu lambun ƙetare, ran Laraba kuma mu hau sama da ƴan kasuwar Bubon.

Wanda bai zauna Yamai ba zai ce me ake da jirgi a garin da ke da gada uku. Ga ta Kennedy tun 1970, ga ta biyu da ƴan Sin suka gina aka buɗe a 2011, ga ta Seyni Kountché ta 2021. To amma gada ba ta sauka a tsibiri, kuma matar da ke hangen kasuwa daga bakin lambunta ba za ta ba ɗan kabu-kabu ribar yininta don ya zagaya da ita ba. Ko a gindin gadar Kennedy kanta, je ka ga manyan jiragen da ke sauke kabewa.

Duk shekarun da kawu ya yi yana wannan aiki ba shi da takarda ko ɗaya a kan jirgin. Sarkin ruwa ya san shi, mutanen ƙetare sun san shi, shi ke nan. Abin ya fara sauyawa ne daga 2023. Da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville ta ƙasar Benin, ƴan uwanmu na gida suka riƙa ba mu labarin yadda fito ya koma sana'ar kowa, har wanda bai taɓa riƙe filafili ba. Ga kuma abin da rediyo ke kawowa daga Najeriya, a kan wannan kogin dai namu: na Warra a jihar Kebbi cikin Mayun 2021, inda jirgi ya nutse da mutum fiye da 150 a ciki, da na Patigi a Yunin 2023, inda ƴan biki sama da 100 suka rasu suna komawa gida da dare. Jandarmomin ruwa, waɗanda a da sai mu daɗe ba mu ga jirginsu ba, suka fara leƙo mashiginmu a kai a kai. Ba su kama kowa ba. Tambaya kawai suke yi: na wane ne, mutum nawa yake ɗauka, ina rigunan ruwa.

Sarkin ruwa ya tara mu ƙarƙashin mangwaro ya ce mai kamun kifi da ɗan kwale-kwalensa ba ruwan kowa da shi, amma duk mai karɓar kuɗin mutum ya ɗora shi a kan ruwa, ya je a duba jirginsa a ba shi shaida. Kawu bai ce uffan ba sai da muka koma gida.

"Wanda bai iya iyo ba ne zai zo ya gaya mini jirgina ya yi ko bai yi ba?"

Na ce, "Kawu, ka tuna shugaban makarantar nan da ya so mu kai ɗalibansa tsibiri? Takarda ya tambaya, ya tafi bai dawo ba. Aikin nan ya fi fiton mako guda."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Je ka. Amma kuɗin daga rabonka."

Wahalar farko ita ce tabbatar da cewa jirgin namu ne. Kafintan da ya ƙera shi ya rasu, kuma a zamanin da aka yi cinikin, musafaha da fatiha su ne rasit. Aka ce in kawo shaidu biyu da takardar mai unguwa. Sarkin ruwa ya tsaya shaida, da wani dattijo da ya kama aka tura jirgin cikin ruwa ran da aka gama shi. Mai unguwa ya sa hannu ya buga hatimi, na kai ma'aikatar magajin gari aka liƙa tambur aka sake bugawa. Sai katin ɗan ƙasa na kawu da nawa, da hotunanmu, da hoton jirgin ta gefe da ta gaba. Na injin ya zo da sauƙi, tunda yana da lamba a jikin ƙarfen da ke maƙale shi da jirgi, kuma kawu ya adana rasit ɗinsa cikin gafaka. Sauran zirga-zirgar ba sai na ba da labari ba, duk wanda ya taɓa neman takarda ya san "shef ya fita" da "dawo ran Litinin". Ka dai yi kwafin kowace takarda kafin ka miƙa ta.

Wani ma'aikaci da ya ga na fara gajiya ya ja ni gefe ya ce kada in nemi ranar dubawa sai na fitar da jirgin tudu na gyara, domin in aka zo aka ƙi shi, daga farko zan sake bin layi. Wannan ya sa na jira bazara. Kogin Isa a Yamai cika biyu yake yi a shekara. Akwai jan ruwa na damina, wajen Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararowa da shi daga ɓangaren Burkina, mai laka da saurin tashi. Shi ne a Satumbar 2020 ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, shekarar da ruwa ya ci unguwar Lamorde da maƙwabtanta. Sai baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga duwatsun Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya iso mana cikin sanyi, Disamba zuwa Fabrairu. Daga nan sai janyewa, har Mayu da Yuni yashi ya fito fili. Dattawa suna tuna Yunin 1985, lokacin da ruwan ya daina gudu gaba ɗaya a Yamai. A wannan tsakanin na janyewa mai jirgi ke gyara, don kasuwar ma ta yi sanyi.

Muka tara samari muka ja shi tudu a kan gungume muka kifar. Kafinta ya bi cikinsa da ƴar guduma yana sauraro. Katako mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji "bub". Ya cire uku daga ƙasa, ya kuma ce allon baya, inda inji ke zama, ya sha girgiza har kusoshinsa sun yi wasa. Na sayo jan katako a kasuwar Katako, da kusoshi, da kwalta. Aka cusa tsumma a kowace tsaga aka bi da kwalta mai zafi, aka bar shi ya sha rana, sannan muka mayar da shi ruwa ya kwana biyu katakon ya kumbura ya matse. Rigunan ruwa ne suka fi cin kuɗi. Ma'aikacin nan ya riga ya gaya mini in matsa kowace da hannu kafin in biya, in ta lotsa kamar katifa in ajiye ta, in kuma nemi masu rubutun 100N ko 150N a ciki, wato ma'aunin ƙarfin rigar na ɗaga mutum a ruwa.

Ran dubawa su uku suka zo da hantsi: wani dattijo-dattijo da tef ɗin awo da sukundireba a aljihu, wani saurayi mai riƙe da fayil, da jandarma guda. Jirage huɗu za su duba a mashiginmu, namu ne na biyu. Da babban ya buɗe baki ya gaisa, kawu ya gane Ba'adare ne, mutumin Tawa, ai kuwa sai ya samu abin da yake nema.

"Mushe, garinku da ko rijiya sai an ɗaure igiya uku, a ina ka san ruwa?"

Mushen, wato "monsieur" na Faransanci, ya yi dariya ya ce, "Baba, a tafkin Tabalak na koyi iyo. Bai kai naku ba, amma shi ma yana cin mutum." Ya tuɓe takalmi ya naɗe wando ya shiga jirgin.

Da ƙasa ya fara. Ya sa muka ɗaga allunan da ake takawa, ya bi haƙarƙarin jirgin ɗaya bayan ɗaya yana soka sukundireba, musamman inda ruwa ke kwanciya da inda ƙarfe ya haɗu da katako. Ya sa aka kwarfe ruwan ciki tas, ya goge wani wuri da tsumma, ya duba agogo, ya tafi wajen inji. Da ya dawo bayan wani lokaci ya sake leƙa wurin don ya ga ko ruwa ya tsattsafo. Ya girgiza ginshiƙan rumfa da ƙarfi, ya zauna a kan kowane benci. A wajen inji ya ce in tayar, sanyi, ba tare da na riga na ɗumama shi ba, ya tsaya ya ga ruwan sanyaya inji yana tsartuwa ta baya, ya sa na shiga giyar gaba da ta baya. Ya tambayi ina buji na ajiya, ina fil ɗin farfela, ina igiyar tayarwa ta biyu. Tankin mai ya ce a ɗaure shi, a kuma raba shi da bencin fasinja, saboda mai shan taba ba ya neman izini. Sai filafili biyu da gora ta tura jirgi, da ƙarfen tsayarwa da igiyarsa wadda ya sa aka warware duka ya ga tsawonta, da bokitin kwarfa biyu, da tocila, da usur, da ƴar tukunyar kashe gobara wadda ya duba allurarta ya ga tana kan kore. Saurayin yana ta yin maki a takarda.

Rigunan ruwa bai yarda da ƙirge kawai ba. Ya zaɓi biyu da kansa daga tsakiyar tarin, ya ja maɗaurai da ƙarfi, sannan ya ɗaura wa kowace wani guntun ƙarfe mai nauyi ya jefa a ruwa da igiya, ya ce a bar su nan sai ya gama. Namu suna nan a sama har ya tafi. Na wani maƙwabcinmu, masu kyan launi da ya samu da araha, kafin a jima suka fara nitsewa. Da aka farke ɗaya sai ga soson katifa ya sha ruwa ya ƙoshi. Mushe ya ɗaga ta yana nuna wa jama'a ruwa na zuba, ya ce wanda ya sa wannan ya faɗa kogi, da bai sa komai ba ya fi masa. A nan ne ya faɗi wani abu da ya ba kawu mamaki, wai kafin a samu soson roba na yanzu, da audugar rimi Turawa suke cika rigunan ruwa, don ba ta saurin jiƙa kuma tana da iska a cikinta. Kawu ya ce to ashe abin namu ne aka sayar mana. Ya ƙara da cewa su da suna yara da gora suke ƙetare ruwa, kamar yadda masunta ke yi a Argungu har yau.

Awon lodi shi ne asalin aikin, kuma shi ne ya tara mana ƴan kallo. Tun kafin ranar an ce in tanadi buhunan yashi masu kilo 50-50. Masu haƙar yashi suna kusa da mu, sikeli kuma na aro wajen mai sayar da shinkafa. Mushe ya ce shi mutum guda kilo 75 yake lissafa shi, babba da ƙarami, mai ƙiba da siriri, don haka buhu uku mutum biyu ne. Muka tura jirgin inda ruwa ya kai ƙirji, samari suka fara miƙa buhu ana jerawa a kan bencina, hagu da dama daidai, yadda mutane za su zauna. Bayan kowane buhu shida sai ya tsayar, ya sa tef daga bakin jirgi zuwa fuskar ruwa, a tsakiya inda bakin ya fi ƙasa, ya faɗa wa saurayin lamba.

Da farko jirgin ko a jikinsa. Samari har suna yi wa kawu kirari. Da aka kai buhu 42, ga ni ga yaron jirgi ga cikakken tanki, ya ce a tsaya. Na leƙa na ga sauran wuri da yawa, fiye da taƙi guda, na ce, "Mushe, ai ko kusa da abin da muke ɗauka ran Laraba ba a kai ba." Bai amsa ba. Ya sa aka kwashe buhu shida daga dama aka mayar hagu. Jirgin ya karkata, ya sake sa tef: kusan rabin wancan sauran wurin ya tafi. Ya ce, "Wannan mutum huɗu ne kawai suka tashi don su ga dorina, ko suka guje wa feshin ruwa." Sannan ya karɓi bokiti ya sa aka zuba ruwa a cikin jirgin, bokiti goma, ya ce in tsaya a tsakiya in ɗan jijjiga. Na ji abin a ƙafata. Ruwan ciki yana gudu zuwa gefen da ya yi ƙasa, ya ƙara danna shi, kuma jirgin ba ya saurin dawowa daidai kamar ɗazu. Ya ce lita guda kilo guda ce, kuma buhu yana zama inda aka ajiye shi, ruwa kuwa kullum wajen da ya fi hatsari yake tafiya. Daga ƙarshe ya sa aka ɗora buhu huɗu a kan rumfa. Nauyin bai ƙaru ba, tunda daga ƙasa aka ɗauke su, amma jijjigar ta zama wata iri, mai jinkiri, har yaron jirgi ya kama ginshiƙi.

Duk wannan kawu ya san shi, ni ma na sani. Ba mai tuƙin da bai san cewa kaya ƙasa ake sa su ba, ko cewa babur a tsaye da sa mai motsi sun fi buhun gero mai kilo 100 wahalar ɗauka. Amma ban taɓa ganin an raba abin ɗaya-ɗaya an auna shi a gaban jama'a ba, ciki har da matan da ke zagina duk Laraba in na ce jirgi ya cika.

Aka mayar da buhunan daidai, aka kwarfe ruwan, ya sa alli a jikin jirgin daidai fuskar ruwa, hagu da dama, ya ce a ja farin layi a nan, a kuma rubuta 28 da manyan lambobi a gaba inda mai shiga zai gani. In akwai kaya, a rage mutane har layin ya fito. Yana wanke ƙafa yake gaya mana cewa irin wannan layin a Ingila aka fara tilasta shi a 1876, bayan wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta faɗa da masu jiragen da ke cika su har su nutse da ma'aikata, kuma har yau duk babban jirgin teku yana da shi a jikinsa. Ya ce layi kuma ba ya hana komai in ba a bi shi ba: jirgin Joola na Senegal na gwamnati ne, an ƙera shi don mutum ƙasa da 600, ya kife ran 26 ga Satumbar 2002 tsakanin Ziguinchor da Dakar, hukuma ta ƙirga mutum 1,863 da suka rasu.

Saura ni. Ya zaunar da ni a bakin jirgi yana tambaya. In mutum ya faɗa ruwa fa? Na ce in cire giya don farfela, in jefa masa jarka mai igiya, in zagayo in tunkare shi ta ƙasa ina fuskantar gudun ruwa, in jawo shi ta baya ko ta gaba, ba ta gefe ba, kuma kada kowa ya yi tsalle ya bi shi. In hadari ya haɗo fa? Na ce na damina daga gabas yake tasowa, iska da ƙura ke riga ruwan isowa, in na ga gabas ta yi baƙi ba na kwance igiya, in kuma a tsakiya ya same ni, gaɓar da ta fi kusa zan nufa ko da ba can za mu ba. Da ya zo kan dorina sai kawu ya karɓe zancen, ya yi masa bayanin inda suke kwanciya in ruwa ya janye, da yadda ake buga gefen jirgi tun daga nesa don su ɗago a san inda suke, da dalilin da ya sa ba a shiga tsakanin uwa da ɗanta ko tsakaninta da zurfi. Mushe ya karɓi fayil daga hannun saurayin ya rubuta da kansa. Tun daga nan kawu ya daina kiransa ɗan tudu.

Bai daina jin haushin 28 ba dai. Da yamma ya zauna ya yi lissafi da yatsu: ran kasuwa mukan ɗauki arba'in da wani abu, ban da kaya, man da inji ke sha kuma kusan ɗaya ne. Ya ce an yanke mana sulusin abinci da alli. Gaskiyarsa ce. Abin da muka yi shi ne muka sa wa kaya kuɗinsu daban, buhu da kwando da dabba, maimakon a da da mai kaya ke biyan kuɗin kansa ya ɗan ƙara abin da ya ga dama, kuma ran Laraba muka koma sahu biyu da sassafe. Bai cike gurbin duka ba.

Inshora ta ɗan ba ni wuya, don inda na fara shiga mota da babur suka sani, sai da na samu wanda ya yarda ya rubuta wa jirgin katako. Na haɗa da takardar awon na kai, bayan wani lokaci aka kira ni na karɓi shaidar, mai wa'adin shekara guda, da lambar da na sa mai fenti ya rubuta a gefe. Tana cikin leda, cikin wata ledar, ɗaure a ƙarƙashin rumfa.

Abin da ya biyo baya ya fi ranar awon wuya. An ce in riƙa rubuta sunan duk wanda ya shiga, a bar littafin a tudu wajen mai shayi. Dalilin a fili yake, duk lokacin da jirgi ya kife za ka ji rediyo uku da lissafi uku, saboda ba wanda ya san su nawa ne suka shiga. Amma je ka tambayi tsohuwa sunanta na yanka a gaban surukanta. Yanzu "matar wane" da "uwar wane" nake rubutawa, da sunan ƙauye, ya wadatar. Riguna kuwa, cikin zafin Afrilu ba mai son su. Maza suna cewa sun iya ruwa, mata suna cewa ta matse su a kan hijabi, wasu kuma su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wani malami da ke ƙetarewa da mu kullum shi ya sauƙaƙa mini wannan. Yakan sa tasa ya ɗaure, ya karanta "Bismillahi majreha wa mursaha" da ƙarfi, in wani ya kawo zancen ƙaddara ya ce masa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Inda ba na sassauci ko kaɗan shi ne goyo. Mace ta kwance ɗanta ta riƙe shi a gaba kafin in kwance igiya, domin in ta faɗa ruwa da shi a baya, ita kanta na sama, nasa na ƙasa. Rigunan yara ƙanana har yanzu huɗu kawai na samu.

Ba zan ce tsarin ya cika ba. Mushe ya ga jirgin ne rana ɗaya, cikin bazara, ruwa kwance, katako sabon gyara. Bai gan shi cikin jan ruwa ba, lokacin da kogi ke tafe da itace da tarin kainuwa mai naɗe farfela. Kuma wanda na hana shiga ba gida yake komawa ba, ƴan taku kaɗan yake yi ya shiga jirgin da ba layi ba lamba, a kuɗi ƙasa da nawa. Jandarmomi ba za su tsaya a kowane mashigi ba, balle bayan magariba, lokacin da mu masu takarda muka ɗaure. In za a duba, a duba kowa, in ba haka ba wanda ya bi doka shi ake ci tara. Da ni ake tambaya, da sarkin ruwa aka ba ikon hana jirgi tashi, don shi kullum yana nan kuma ya san kowa.

Amfanin lambar a wajena wani abu ne da ban zata ba. A mashigi ba baƙi kake ɗauka ba. Abokin mahaifinka ne, matar liman ce, wadda ta ba ka bashin shinkafa ce. A da in na ce ya cika, maganata ce kawai, maganar yaro, kuma kowa ya san yadda ake karya ta: "Ni kaɗai ce, ko jaka ba ni da ita." Yanzu sai in nuna fenti.

An gwada ni da bikin wata ƴar dangi da aka kai ƙetare bayan ƙaramar salla. La'asar sakaliya suka iso da guɗa, sun fi arba'in, ga gado ga katifa ga kwalla ga buhunan gara. Na ce sahu biyu za a yi, kuma kaya sai mutane sun gama ƙetarewa. Goggona, wadda ita ce uwar biki, ta tako har bakin ruwa.

"Kai ɗan nan, a ina ka taɓa ganin an raba amarya da ƴan rakiyarta? Ni na goya ka fa."

"Goggo, Allah ya huci zuciyarki. Ba ni na rubuta ba, ga shi nan a jiki."

"To goge shi, in mun sauka ka sake rubutawa."

Mata suka fashe da dariya, wasu har sun fara cusa kwalla ƙarƙashin benci. Kowa ya juya wajen kawu, wanda ke zaune ƙarƙashin mangwaro da carbi, don an san in ya ce a shiga, magana ta ƙare. Ya daɗe yana kallon jirgin. Sannan ya ce, "Yaya, ni ma an hana ni. Ku ƙirga ashirin da takwas."

Amarya da goggo da tsofaffi suka tafi sahun farko, kowa da riga a kan kwalliyarsa, ana ta mita. Na dawo na kwashi sauran. Kafin in sauke su rana ta faɗi, don haka gado da katifa da gara suka kwana a mashigi, yaron jirgi yana gadi, sai da safe na kai. An ce amarya a tabarma ta kwana, kuma dangin ango sun yi magana. Goggo ta yi wata ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Kuɗin man sahu na biyu da na uku kuwa har yau ba wanda ya biya ni, kawu kuma ya ce kada in kuskura in tambaya.